Masu sa ido kan itatuwan gari: amsoshi ga manoman Maradi

Wani shugaban ƙungiyar manoma daga yankin Madarunfa ya rubuto: "Akwai matasa da mata da suka yarda su riƙa duba itatuwan gari da na gonaki, don kada baƙon ƙwaro ya shammace mu. Su wa za mu zaɓa, kuma me za a fara koya musu?"

Malam shugaba, ku zaɓi waɗanda dama ƙafarsu na cikin daji kullum: matar da ke ɗebo icce da ganyen miya, makiyayi, mai rainon dashe, mai garka a bakin Gulbi. Mutum huɗu zuwa shida sun ishi gari guda, in dai ɗaya ya iya rubutu, ɗaya kuma yana da salula mai ɗaukar hoto. Kada ku sa wanda zai tafi ci-rani da zarar an gama girbi.

Darasin farko a ƙarƙashin icce ake yin sa, kuma icce mai lafiya. Wanda bai san yadda bedi ko kalgo ko aduwa ke kasancewa wata bayan wata ba, ba zai gane ranar da suka sauya ba. Kowa a nan ya san gawo na kaɗe ganye da damina, kuka kuma da rani, amma matashi na iya ganin bedi ya rage ganye da bazara ya zaci annoba ce. Kauci da gara ma namu ne na gida. Abin da ake nema shi ne wanda ido bai saba da shi ba: ganye ya yi rawaya a reshe guda sauran na kore, ƙananan ramuka a jikin ɓawo da garin icce a gindi, ƙaro na tsiyaya inda gatari bai taɓa ba, baƙin dauɗa mai danƙo a bisa ganye, ko farin abu kamar kaɗa a ƙarƙashinsa.

Tarihin bedi ya isa darasi. A shekarun 1980 wani ƙwaro ɗan asalin Asiya, Aonidiella orientalis, ya yi wa bedi ɓarna a ƙasashen tafkin Chadi har da gabashin Nijar. Ƙarami ne ƙwarai, yana lafewa jikin ganye kamar ɗigon kakin zuma yana tsotsar ruwansa. Wajen 1990 kuma sai bedi ya shiga zubar da ganye a Nijar, reshe ya tsaya tsirara da ɗan tukku a kai, har masu bincike suka kamanta shi da wuyan raƙumin dawa. An bincika, ba a samu ƙwayar cutar da za a ɗora wa laifi ba, aka fi danganta abin da ƙishirwa da taurin ƙasa. Daga nesa duka biyun bedi ne mai mutuwa. Sai an juya ganye an kankare da farce ake rarrabe su. Ku sa kowane mai sa kai ya yi wannan kankarar da hannunsa ranar horo.

Wata mai garkar mangwaro daga Jiratawa ta ce: "Sau nawa za a riƙa zagaye, kuma yaya ake ɗaukar samfur? Namu da muka aika ya ruɓe kafin ya isa."

Hajiya, kowane mai sa ido ya ware itatuwa 20, ya sa musu lamba da fenti, ya riƙa komawa gare su duk mako 2, da safe kafin rana ta yi zafi. A haɗa iri-iri, kuma rabinsu su kasance inda baƙo ke fara sauka: tasha, kasuwar dashe, wurin tara iccen girki, bakin hanyar Ɗan Isa da motoci ke shigowa daga iyaka. A kowane icce a dubi ɓangare huɗu, a juya ganye 10. Sannan a shimfiɗa farin ƙyalle mai mita 1 ƙarƙashin reshe, a buga reshen da sanda sau 5, a duba abin da ya faɗo.

Samfurinki ya ruɓe ne don an ɗaure shi cikin leda. Ganye na gumi, zafi ya dafa shi, fumfuna ta rufe alamar da ake son gani. Ganye da reshe a takarda ake naɗe su, a yanko daga inda mai lafiya ya haɗu da mara lafiya, tsawon taƙi guda. Busasshen reshe da ya daɗe da mutuwa ba ya gaya wa kowa komai. Ƙwari masu taushi a zuba su cikin ƙaramar kwalba da alkol mai digiri 70 na kantin magani. Tsutsa a fara tsoma ta cikin ruwan zafi minti 1, in ba haka ba baƙi take yi. Malam-buɗe-littafi kuwa ba ya shiga alkol, a ninke shi a takarda a bushe. Takardar shaida a rubuta ta da fensir, domin alkol na wanke tawada: sunan gari, kwanan wata, irin icce, da guda nawa suka kamu cikin 20.

Hoto uku ake ɗauka: iccen gaba ɗaya, reshen, sai na kusa da aka ajiye dala ashirin a gefe don a gane girman ƙwaron. A kai wa jami'in gandun daji ko na kare tsirrai na gunduma cikin kwana 2. Abin da ya gagare su suna iya miƙa wa cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Tunda mangwaro gare ki, a koya wa mutanenki tarkon ƙudan 'ya'yan itace, Bactrocera dorsalis, wanda aka fara gani a Afirka a Kenya cikin 2003, ya iso yammacin nahiyar ba da jimawa ba. Gorar ruwa mai lita 1 da rabi, a huda ta wuri 4 a kafaɗa, a rataya kaɗar da aka jiƙa da metil ujenol, ruwa mai ƙamshi da ke jawo mazan ƙudan, a ciki, ruwan sabulu kaɗan a ƙasa. A rataye ta cikin inuwar icce, mita 2 daga ƙasa, a shafa wa wayar giris saboda tururuwa. A ƙirga duk mako. Maza kaɗai take kamawa, don haka ma'auni ce ta sanin ko sun ƙaru. Abin da ke rage su shi ne tsince mangwaron da ya faɗo, a ɗaure cikin baƙar leda a shanya a rana, ko a binne shi zurfin da ya wuce santimita 50.

Wani matashi daga Tibiri ya tambaya: "In mun ga ƙwari, me zai hana a ba mu famfo mu fesa nan take?"

Ɗan'uwa, a nan ne aka fi yin ɓarna, kuma muna roƙonku ku yi haƙuri da famfon nan. Maganin da ake saye a kasuwa ba ya ratsa kakin da ke rufe ƙwari masu lafewa, amma yana kashe ƙananan zanzaron da ke cin su. Ka latsa ƙwaron da farce: in ruwa mai rawaya ya fito yana da rai, in ya ɓare a bushe ya mutu, in kuma ka ga ɗan rami zagayayye a bayansa, zanzaro ya riga ya yi aikinsa ya fita. Farin ƙwaron mangwaro, Rastrococcus invadens, da ya shigo Togo da Ghana a farkon shekarun 1980, da irin wannan zanzaro da aka kawo daga Indiya aka karya lagonsa. Manoman hatsi na Maradi ma sun ga haka a jakunkunan zanzaron da ake ratayawa a gonaki don tsutsar zangarniya. Gubar feshin kuma ba ta tsaya ga ƙwari: ga dabbobi da ke cin ganyen da 'ya'yan gawo, ga zogalen da za a tsinka gobe a kai kasuwa.

Kafin amsar samfurin da kuka kai ta dawo, aikinku shi ne hana abin tafiya. Kada a fitar da icce, dashe ko reshen aure daga wurin. Adda da gatarin da suka taɓa iccen a wanke su da ruwan javel, awo 1 cikin awo 9 na ruwa, kafin a shiga sassabe a wata gona. Dashen da aka sayo daga wata kasuwa kuma a ajiye shi gefe guda mako 4, nesa da sauran, ana juya ganyensa duk kwana 3, sannan a kai shi rami.