Me ya sa rumbun bayanai ya hana ni buɗe fayil?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata makarantar kuɗi da ke Pantami a Gombe, inda muke ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai a rumbun bayanai na PostgreSQL. Na rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen Perl a cikin rumbun domin ya karanto maki daga wani fayil, amma ya ƙi buɗe shi. Da na koma harshen Python kuma, sai aka ce ba ni da izini. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shirinka ba shi da laifi, da gangan aka hana shi. PostgreSQL ya kasa harsunan da ke aiki a cikinsa gida biyu. Akwai amintattu, irin su plperl da pltcl, wato harsunan Perl da Tcl na cikin rumbun, waɗanda aka kewaye da shinge: suna iya lissafi, suna iya duba teburan da aka ba ka izini, amma an toshe musu hanyar taɓa fayil. Akwai kuma waɗanda sunansu ya ƙare da harafin u, kamar plperlu na Perl da plpython3u na Python, waɗanda ba su da shinge ko kaɗan, shi ya sa babban mai kula da rumbun kaɗai ke iya rubuta shiri da su.

Dalilin yana da nauyi. Duk shirin da ya gudana a cikin rumbun, idan ya zo taɓa fayil, da ikon asusun postgres na kwamfutar da rumbun ke kai yake aiki, ba da naka ba, kuma wannan asusun ne ke riƙe da fayilolin bayanan baki ɗaya, har da pg_hba.conf wanda ke tantance wanda zai shiga. Wanda hannunsa ya kai can zai iya goge sakamakon zango guda ba tare da ya bi ta ƙofar izini ba, kuma wannan amanar 'ya'yan mutane ce.

Python kuwa, tun fitowar PostgreSQL 7.4 a 2003 aka cire shi daga sahun amintattu, bayan da masu harshen suka gano cewa shingensa mai suna rexec yana yoyo. Ko shingen Perl sai da aka sake masa gini a 2010.

Shawarata, kada ka matsa wa mai kula da rumbun ya ba ka babban iko saboda fayil ɗaya. Buɗe psql, manhajar aika umarni ga PostgreSQL, a kwamfutarka, ka yi amfani da umarnin \copy, wanda zai karanta fayil ɗin da ikonka, ya zuba makin a teburin da aka yarje maka rubutu a ciki.