Amsa ga ɗana na Zariya kan waya, dalma da Hausancinmu na Sudan

Ɗana, saƙonka ya same ni a Port Sudan, inda na dawo da iyalina bayan yaƙin da ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023. Na yi farin ciki da jin cewa kana koyon gyaran jirgin sama a kwalejin Zariya, kuma ɓangaren lantarki ka zaɓa, wanda shi ne abin da na ci abinci da shi shekara da shekaru. Sai dai tambayarka ta ƙarshe ta tsaya mini a rai, inda ka ce ba ka taɓa zaton Bahaushen Sudan yana taɓa jirgi ba, domin abin da ka ji shi ne mu 'yan tsintar auduga ne da suka maƙale a hanyar Makka, suka auri Larabawa, harshensu ya juye. Ban ga laifinka ba, haka aka gaya maka, amma zan ba ka amsa ta bakin sana'ar da ta haɗa mu.

Kakana maƙeri ne, yana cikin jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawan Ingila a 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Gaskiya ne mutanenmu da yawa sun yi aikin auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sennar a 1925, kuma ba abin kunya ba ne. Mahaifina kuwa ya bar maƙera ya buɗe rumfa a kasuwar Wad Madani, yana liƙe fitilu da butoci, daga baya ya koma gyaran rediyo. A rumfar nan na fara riƙe ƙarfen narka dalma, irin na da, mai kan tagulla wanda ake turawa cikin garwashi. Yakan kama hannuna ya ce in ɗumama wayar tukuna, in bar dalma ta bi ta da kanta kamar yadda man shanu ke bin tuwo mai zafi, kada in ɗiga ta a kan ƙarfe mai sanyi. Da na shiga makarantar koyon sana'a sai na tarar da maganar nan a littafi da Turanci: dalmar liƙi, wato haɗin kuza kashi 63 da zallar dalma kashi 37, tana narkewa a digiri 183, kuma liƙin da ya yi kyau yakan fito sumul yana sheƙi, wanda ya fito dususu mai gurzum-gurzum kuwa ya yi sanyi ko an motsa shi kafin ya daskare, dole a sake shi. Abu ɗaya na rumfar Baba da aka hana ni shi ne ruwan asid ɗin da yake wanke bakin butoci da shi, domin yana cin waya sannu a hankali. A jirgi ƙaron itace kawai ake yarda da shi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yarda da cewa a jikin jirgi ba a cika son dalma ba. Tana hawa cikin silin wayar ta sandarar da ita, jirgi kuwa ba ya daina karkarwa, sai wayar ta karye daidai inda dalmar ta tsaya, a ƙarƙashin roba inda ido ba ya gani. Saboda haka yawancin kawunan waya matse su ake yi da filaya ta musamman wadda ba ta sakin baki sai ta kai ƙarshen matsi, kuma kowane kaurin waya da nasa saitin. Ka riga ka san cewa waya mai lamba 22 ta fi mai lamba 16 siranta, amma ka kula da wuƙar feɗe roba, domin sili ɗaya da ka yi wa tabo ya isa a ce ka yanke ka sake. Dalma tana nan a kan tebur, cikin akwatunan rediyo da na'urori, inda za ka ɗaura igiyar sauke tartsatsin jiki, wato lantarkin da ke taruwa a jikin mutum, a wuyan hannu kafin ka taɓa komai.

Ka ce wani ya gaya maka a nan ƙulle-ƙullen waya muke yi irin na bakin titi saboda rashin kaya. Wannan maganar ta yi mini zafi. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya wahalar da samun kayan gyara ƙwarai, na ga jirage sun yi watanni a ajiye ana jiran abin da bai fi tafin hannu ba. Amma ni da waɗanda na yi aiki da su mun gwammace jirgi ya zauna a ƙasa da mu sa hannu a kan aikin da littafi bai yarda da shi ba. An karantar da mu abin da ya sami jirgin kamfanin TWA na Amurka a 1996, wanda tankin mansa ya fashe bayan tashi daga New York, mutum 230 suka rasu, masu bincike kuma suka fi zargin haɗuwar wayoyi. Da na Swissair a 1998, wanda wuta ta kama a saman ɗakin matuƙa ya faɗa teku kusa da Kanada da mutum 229. Wanda ya san wannan ba zai bar dami na waya yana gogar ƙarfe ba, ba zai bi da shi ƙarƙashin bututun mai ba, kuma idan makatsin wuta, wato maɓallin da ke yanke lantarki da kansa in ta yi yawa, ya faɗo ba zai yi ta mayar da shi ba tare da ya nemo dalili ba, tunda wayar aka sa shi ya kare.

Game da harshe kuwa, ga yadda rumfar jirage take. Littafin gyara da Turanci yake, ko a Zariya ko a Khartoum: volt 28 na wuta mai tafiya hanya ɗaya, volt 115 na mai kai-komo sau 400 a daƙiƙa maimakon sau 50 na gida, domin injina da taransifoma su yi ƙanana su yi sauƙin nauyi. Kayan aiki da Larabci muke kiransu, filaya zaradiyya, sukudireba mafak, ƙarfen dalma kawiya. To, ku ma filaya da sifana ai ba daga bakin Bayajidda kuka gaje su ba, aro ne kuka yi daga Bature kamar yadda muka yi daga maƙwabtanmu. Idan na ɗora mita a kan waya ina neman inda ta yanke, da Hausa nake lissafi a zuciyata, kuma da Hausa nake ƙirga kayana safe da yamma.

Ƙirgar nan ta taɓa jawo mini ɓacin ran da har yau ban manta ba. A wani kamfani da na yi wa aiki, wata ƙaramar sifana ta ɓace daga allon da aka zana wa kowane ƙarfe gurbinsa, kuma ƙa'ida ce jirgi ba ya tashi sai an gan ta, don ƙarfe ɗaya da ya faɗa tsakanin wayoyi ko igiyoyin sarrafa jirgi yana iya hallaka jama'a. Kafin a duba ko'ina sai shugaban aikin ya ce a fara da akwatin Bafallace, sunan da suke haɗa mu duka a ciki, Hausa da Fulani da Barebari. Na buɗe, na jera kayana a ƙasa ɗaya bayan ɗaya a gaban yaran da ni na koya musu aiki. Bayan awa huɗu aka same ta ƙarƙashin daɓen ɗakin kaya, inda ban taka ba ranar. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. A nan ana tuna mini ni baƙo ne bayan zuriyarmu ta haura shekara ɗari, ku kuma can kuna cewa mun zama Larabawa.

Aure ma haka. Matata 'yar Atbara ce, garin ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma mahaifinta, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara biyu yana ja da baya saboda asalina. Tsohon makaniken reluwe ne, kuma ranar da ya sauko, hirar sifana mai auna ƙarfin ɗauri ce ta zaunar da mu, da yadda ake murɗa siririyar wayar kulle noti ta yadda kullum tana jan sa wajen ɗaurewa. 'Ya'yanmu suna cin kisra a gidan kakanninsu na uwa, suna cin tuwo da miyar kuka a gidanmu, suna durƙusawa su gaida manya. Babban yana jin Hausa sarai, ƙaramar kuwa tana ji amma da Larabci take amsawa, kuma wannan yana damuna fiye da yadda nake nuna mata.

Akwatin kayana yana filin jirgin Khartoum lokacin da aka fara harbi, inda jirage da dama suka ƙone a ajiye, kuma ban sake ganinsa ba. Ƙarfen dalmar Baba ne kaɗai ya tsira, don a gida nake ajiye shi, matata ta naɗe shi cikin zane ranar da muka fito. Da shi nake nuna wa babban ɗan cikina yadda ake ɗumama waya, kafin in miƙa masa na lantarki. Idan kun kai darasin batir, ka rubuto mini, akwai abin da nake so in gaya maka kan dalilin da ya sa ba a haɗa mai asid da mai nikel a ɗaki ɗaya. Ka gaida malamanka da mutanen gida.