Maigidana yana da ciwon sukari, sai na riƙa dafa masa nasa daban?

'Yar'uwa, kin ce an gano maigidanki yana da ciwon sukari, kina tambaya ko sai kin raba tukunya, da yadda zai yi in ya ci a waje.

Tukunya ɗaya ta isa. Gyaran yana wajen zubawa. Rabin farantinsa ya zama ganye da kayan lambu kamar kabeji, rubu'i kifi ko kaza ko ƙwai ko wake, sauran rubu'in ne kawai na shinkafa, taliya ko dankali. Jiki yana narkar da waɗannan su koma sukari ko da ba su da zaƙi a baki, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa: sun daina sa sukari a shayi, amma suna cinye burodi guda. Ku auna sukarin jininsa awa 2 bayan cin abinci. Yawanci ana so ya kasance ƙasa da 180 mg/dL a na'urar awon sukari. Wannan zai nuna muku abin da ke tayar masa.

A waje, abin sha ya fi ɓarna. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana da sukari kusan giram 35. Ya sha ruwa, ya zaɓi gashi maimakon suya.

In yana allurar insulin, kada ya yi ta jiran abinci bayan ya yi ta, domin sukarin jininsa na iya sauka sosai. Ya riƙa ajiye alewa a aljihu. In ya ji rawar jiki da gumi, alamar sukarinsa ya sauka ke nan, ya ci alewar nan take.