Tambayoyinku: Mun rubuta tsarin shekara biyar, ko wata biyar bai yi ba ya mutu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar matasa, dukkanmu aikin sa kai muke ba wanda ake biya. Bara muka zauna muka rubuta tsarin shekara biyar har shafi 28, mun sa koyar da yara karatu da yamma, tsaftar muhalli, ba da jini, koyar da sana'a, wayar da kai kan shaye-shaye, har da gina ofis namu na kanmu. Wallahi Malam tun ranar da aka buga shi aka ɗau hoto da shi ba wanda ya sake buɗewa, har ni ɗin. A guruf ɗinmu na WhatsApp mu 64 ne amma ranar aiki in mun kai goma an yi sa'a, kuma kullum fuskokin nan ne dai. Ga shi ciyaman ɗinmu zai tafi ƙaro karatu nan da wata huɗu kuma komai a kansa yake. Wasu sun ce a sake sabon tsari, wasu sun ce ɓata lokaci ne a ci gaba da aiki kawai. Ni dai kaina ya kulle, mene ne mafita?
Daga sakatariyar da ta gaji

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya, don na san sakatare a irin wannan ƙungiya shi ne mai rubutu, shi ne mai kiran waya, shi ne kuma mai shan zagi in abu ya lalace.

Bari in fara da 64 ɗin nan. Ku ba 64 ba ne, ku goma ne, sauran 54 masu yi muku fatan alheri ne kuma ba laifi suka yi ba, suna da amfaninsu, amma duk tsarin da aka ɗora a kan sunayen cikin guruf to a kan iska aka ɗora shi. Kamfani in ya zo tsara shekararsa kuɗi yake fara lissafawa saboda da kuɗi yake sayen lokacin ma'aikata, ku kuwa ba ku sayen lokacin kowa, kyauta ake ba ku, wanda ya bayar kuma yana iya janyewa gobe ba tare da ya rubuta wa kowa takarda ba. To jarinku awanni ne, su za ku fara ƙirgawa.

Na taɓa zama da wata ƙungiya irin taku, na yayyanka takarda ƙanana na raba musu na ce kowa ya rubuta awa nawa zai iya bayarwa a sati tsakaninsa da Allah, kada ya sa suna, kuma ya lissafa da satin da yake da jarrabawa ko aiki ya yi masa yawa, ba satin da yake hutu ba. Su 11 ne. Muka zazzage takardun a kan tebur, ma'ajinsu na karantawa ni ina tarawa a allo: biyu, uku, biyu, biyar, wani ma ya rubuta ɗaya har ya ja layi a ƙarƙashi. Jimla awa 31 a sati. Sai na tambaye su mitin fa? suka ce duk sati, awa biyu. To mutum 11 sau awa biyu 22 kenan, abin da ya rage na ainihin aiki awa 9. Wurin ya yi tsit, can wata yarinya da ke baya ta ce "ashe mu ƙungiyar mitin ce." Aka fashe da dariya amma ba wanda ya musa mata. In ku ma lissafinku ya fito haka, ayyuka shidan nan da kika lissafo kowanne awa ɗaya da rabi zai samu a sati, ki gaya min wane yaro ne zai iya karatu da wannan, balle a zo maganar ginin ofis.

Don haka masu cewa a sake tsari da masu cewa ɓata lokaci ne duk suna da rabin gaskiya. In wani shafi 28 ɗin za ku sake rubutawa, gara ku bari. Tsari zaɓe ne, kuma wahalarsa ba wajen rubuta abin da za ku yi take ba, wannan kowa ya iya, tana wajen rubuta abin da kuka haƙura da shi. Cikin shidan nan ku ɗauki ɗaya, in kun matsa biyu. Yadda za ku zaɓa kuma ku tambayi kanku: wanne ne in muka daina yau akwai wanda zai zo ya ce ina kuka shiga? wanne ne mutanenmu goman nan suka iya da hannunsu ba sai an ɗauko wani daga waje ba? wanne ne wasu ke yi sun fi mu iyawa, mu bar musu ko mu riƙa taya su rana ɗaya a shekara? Daga wasiƙarki ni dai karatun yara nake hangowa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sauran kuma kar ku ce kun soke su don akwai wanda zuciyarsa na kan kowanne, ku buɗe musu shafi ku sa masa suna "ba bana ba", ku rubuta su a ciki kowa ya gani. Wannan shafin yana kashe rigima sosai, duk wanda ya taso da sabuwar shawara a tsakiyar shekara sai a ce madalla, a sa ta a can.

Sai maganar shekara biyar. Ga ƙungiyar matasa ta yi tsawo. Majalisar Ɗinkin Duniya a lissafinta matashi shi ne ɗan shekara 15 zuwa 24, yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka ta 2006 kuma ta ce 15 zuwa 35, ko wanne kika ɗauka dai shekarun da mutum ba ya zama wuri ɗaya ne, yau makaranta gobe neman aiki jibi aure ko canjin gari. Waɗanda suka rubuta tsarin ba su ne za su ga ƙarshensa ba, ga ciyaman ɗinku nan ma shaida. Abin da nake ba da shawara shi ne alƙibla ta shekara uku a shafi ɗaya tak, wato su wa muke yi wa aiki, me muke so ya canza a rayuwarsu, me ba ma yi. Sai jadawalin aiki na shekara ɗaya, shi ma kar ya wuce shafi biyu. Sai kuma duk wata uku ku zauna ku buɗe shi ku duba, wannan zaman shi ne ran tsarin gaba ɗaya, in babu shi to hoto kawai za a sake ɗauka. Mitin ɗin sati-sati kuma ku mai da shi wata-wata, abin da saƙo zai iya isarwa kar a tara mutane a kai.

Wajen rubuta jadawalin akwai wata dabara da wani Ba'amurke George Doran ya wallafa a 1981, ya ce buri mai kyau sai ya cika sharuɗɗa biyar: ya zama takamaimai, ana iya auna shi, an san wanda aka ɗora wa, mai yiwuwa ne da abin da ke hannu, kuma yana da wa'adi. Abin da ke ba ni dariya, masu koyar da dabarar daga baya da yawansu sun cire sharaɗi na uku sun sa wani abu daban, alhali ga masu aikin sa kai shi ne mafi muhimmanci. Duk layin da aka rubuta "kwamiti" a gabansa ki ɗauka ba za a yi ba. A sa sunan mutum ɗaya, kuma ya amsa da bakinsa a gaban kowa. Maimakon "inganta ilimin yara" ku rubuta yara 25, kwana biyu a sati, wata tara, wance ce mai riƙe rajista, za a gwada karatunsu a farko a sake gwadawa a ƙarshe.

Akwai kuma tebur ɗin nan mai gida huɗu da ake yawan koyarwa a bita, ƙarfinmu, rauninmu, damarmaki, barazana. Ba laifi ku yi, amma rabin awa ya ishe shi. Na sha ganin an wuni a kansa a ƙarshe a rubuta "rashin kuɗi" a gidan rauni kowa ya gyaɗa kai a watse, kamar da can ba a sani ba.

Yanzu ciyaman. Wata huɗu lokaci ne mai yawa in kun fara yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai ƙungiyar matasa ta duniya JCI, ta 'yan shekara 18 zuwa 40, da gangan suka mai da wa'adin shugabanci shekara ɗaya, duk shekara sai an canza, kuma ƙungiyar ba ta rushe ba saboda kowa ya hau kujera ya san ranar saukarsa, dole ya bar abu a rubuce. Ku tafiyar shugaba ta zo muku kamar gobara ne don ba ku taɓa sa ta a lissafi ba. Ku zaɓi magajinsa a watan nan ba sai ranar bankwana ba, su yi wata uku suna aiki tare, wata na ƙarshe sabon ne zai riƙa jan mitin tsohon na zaune a gefe ya yi shiru (wannan shirun shi ne mai wuya, ki shirya masa). Ke kuma ki samu littafi ko fayil ɗaya ki zaunar da shi ki tatse duk abin da ke kansa: lambobin mutanen da yake hulɗa da su a madadin ƙungiya, alƙawuran da ya ɗauka da baki, wa ke bin ku wa kuke bi, inda takardun rajista suke, kalmar sirri ta imel da shafukan sada zumunta, su wa ke sa hannu a asusu. Kalmar sirrin nan kar ki raina ta, ƙungiyoyi nawa ne suka rasa shafinsu na Facebook don mutum ɗaya ya tafi da ita ya canza layi.

Su kuma 54 ɗin can kar ki yi fushi da su. Mutum ba ya amsa kiran "jama'a a fito aiki", yana amsa kiran sunansa ne. Lokacin da Baden-Powell ya yi zangon gwaji da ya haifar da sikawut a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, yara kusan 20 ne kawai amma sai da ya kasa su gida huɗu, kowane gida da jagoransa daga cikin yaran. Ku kwaikwayi wannan, kowane ɗaya cikin goman nan ya riƙe mutum huɗu ko biyar, ya kira su da kansa ya ce ranar kaza awa biyu nake so, aikin kaza za ka yi. Za ki sha mamakin waɗanda za su fito.

TAMBAYA: Malam wata babbar ƙungiya ce ta ce za ta ba mu tallafi amma sai in mun yi aikin da take so, mu kuma namu daban ne, harkar wasanni muke da yara. Abokaina sun ce a karɓa kawai tunda ba kullum ake samu ba. Ya kake gani?
Daga wani ma'aji

AMSA: Ƙanena, kuɗin tallafi ba shi kaɗai yake zuwa ba, da rakiyar rahoto yake zuwa, da rasit, da hotuna, da wa'adi, da mitin, kuma duk wannan daga awannin mutanenka za a cira. Ka duba amsar da na ba 'yar uwarka a sama ka yi wancan lissafin tukuna. In kun karɓa yaran da ke jiran ku a fili wa zai je musu? In aikin na kusa da naku ne, ku koma ku ce ga yadda za mu haɗa shi da wasanni, masu tallafi da yawa suna sauraro in sun ga kun san abin da kuke yi. In kuwa ya yi nisa ku gode musu ku ce ba bana ba, ku nemi su tuna da ku in abin da ya shafi yara da wasanni ya taso. Na san da ciwo, ba ni ne zan kalli abokanka in faɗa ba. Amma ranar da kuɗin ya ƙare, kuma zai ƙare, mutanen da suka shigo don ƙwallo sun riga sun watse.

TAMBAYA: Ta yaya za mu san muna ci gaba? shafinmu dai mabiya sai ƙaruwa suke.
Daga mai kula da shafi

AMSA: Mabiya na nuna kin iya ɗaukar hoto, wannan ma baiwa ce. Amma lamba uku nake so ki riƙa rubutawa duk wata: mutum nawa suka fito aiki da ƙafarsu, cikinsu nawa ne suka dawo karo na biyu, sai kuma abu ɗaya da ya canza ga waɗanda kuke yi wa aikin wanda za a iya ƙirgawa. Ta biyun ta fi faɗin gaskiya, in sababbi na zuwa sau ɗaya su ɓace to ku binciki yadda kuke karɓar baƙo, galibi mutum ya zo ne ya tsaya awa biyu ba wanda ya ba shi abin yi. Ku ware rana ɗaya a shekara ku baje lambobin wata 12 a gaban kowa, 5 ga Disamba ta dace tunda ita Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu aikin sa kai tun 1985, ku gode wa kowa da sunansa, sannan ku buɗe shafin "ba bana ba" ku ga ko akwai wanda lokacinsa ya yi.