Amsa ga mai tambaya kan 'yan hagu da 'yan dama da kashe kuɗin gwamnati

Malam, ka tambaya ko sauyin da ake gani a Amurka da Faransa, inda jama'a ke zaɓen 'yan hagu (masu son gwamnati ta ƙara kashe kuɗi kan jama'a) yau su koma wa 'yan dama (masu ra'ayin riƙau) gobe, shi ne ke canza yadda gwamnati ke kashe kuɗi, kuma ko mu ma muna da irinsa a Nijar. Ni da na yi aikin koyarwa a Tawa tun zamanin da ake bin albashi bashi, ganina shi ne abin da ke cikin baitulmali ya fi aƙidar jam'iyya ƙarfi.

A Faransa ma haka ta faru, domin Mitterrand ya hau mulki a 1981 da ƙarin albashi da mayar da bankuna hannun gwamnati, amma a 1983 ya koma tsuke bakin aljihu saboda darajar kuɗinsu na faɗuwa.

A nan gida lamarin ya fi fitowa fili. MNSD-Nassara ta Tandja Mamadou, wadda ake lissafawa da masu ra'ayin riƙau, ita ce ta ɗora harajin TVA, wato harajin da ake ƙarawa kan farashin kaya, na kashi 19 cikin ɗari a kan madara da fulawa da ruwa da lantarki a 2005, har ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka sa aka rufe kasuwanni a Yamai, gwamnati ta janye shi daga wasu kayan. PNDS-Tarayya ta Mahamadou Issoufou kuwa, mai kiran kanta ta gurguzu, ita ce ta kawo dokar kasafin kuɗin 2018 da sababbin haraji, aka sake fita zanga-zanga, aka kama shugabannin ƙungiyoyin fararen hula a watan Maris. A lokacin, dukansu biyu suna ƙarƙashin yarjejeniya da asusun lamuni na duniya, ga kuma ƙa'idar da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta kafa a 2015 cewa kada giɓin kasafi ya wuce kashi 3 cikin ɗari na arzikin ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne gabar da ake ƙullawa. Lokacin da shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou suka kasa zama inuwa ɗaya a 1995, bayan an karya darajar sefa da rabi a 1994, mu malamai littafin bashin mai kanti ne ya riƙe gidajenmu, ana rubuta tiyar gero da sabulu har shafi ya cika, kuma rigimar ba ta ƙare ba sai da sojoji suka karɓi mulki a Janairun 1996.

Saboda haka idan ɗan takara ya yi maka alkawarin ajujuwa da asibiti, ka tambaye shi daga wane haraji kuɗin za su fito, da kuma nawa zai rage bayan an biya bashi da albashi da tsaro.