Katar yankan giya ta Brown & Sharpe ta lalace bayan washi: jabu ce ko aikin mai washi ne?

Tambaya: Malam, ina da shagon aikin ƙarfe a Kaduna, muna yanka giya (wato ƙarfen nan mai haƙora da ke juya inji) ta injin niƙa da ta wasu injunan gona. Na sayi saitin katoci (wuƙaƙen inji masu zagaye da ake yanka haƙoran giya da su) takwas na hannu, DP 10 (lambar girman haƙori a ma'aunin inci), an buga musu sunan Brown & Sharpe. Da farko aikinsu ba laifi. Da suka dakushe na ba wani mai washi, ya goge bayan haƙoran da girainda har suka yi ƙyalli. Tun daga nan duk giyar da na yanka sai ta riƙa kuka, biyu ma an dawo min da su haƙori ya karye. Mai washin ya ce katocin jabu ne, wani kuma ya ce ƙarfen ya tsufa ya mutu. Hankalina ya tashi, domin kwastomomi sun fara gudu. Mene ne gaskiya, kuma za su gyaru?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Amsar tana cikin tambayarka, a wurin da ka ce ya goge bayan haƙoran. Wannan shi ne abin da ya ɓata katocin. Ƙarfe ba ya mutuwa don ya daɗe a akwati, maganar jabu kuwa hanyar kare kai ce kawai.

Wannan irin katar tana da asali. Joseph R. Brown, na kamfanin Brown & Sharpe da ke garin Providence a jihar Rhode Island ta Amurka, shi ya samu takardar mallakar fasaharta a watan Nuwamba na 1864, shekara biyu bayan kamfanin ya fitar da injin milin ɗinsa (injin sassaƙa ƙarfe da kata mai juyawa) na farko mai yin aiki iri-iri. Kafin nan katar yankan giya tana da ƙananan haƙora birjik, idan ta dakushe sai an tausasa ƙarfen da wuta, a sake fitar da haƙoran, a sake ba ta tauri, kuma da wuya siffar ta dawo daidai. Dabarar Brown ita ce ya yi manyan haƙora 'yan kaɗan da fili a tsakaninsu, sannan ya zaftare bayan kowane haƙori a kan lanƙwasa mai gangarowa a hankali, ta yadda duk inda ka yanka haƙorin ta layin da ya nufi tsakiyar katar, siffa ɗaya za ka gani. Kamar sandar sabulu ce, ko ina ka yanka fuska ɗaya take ba ka. Saboda haka washi a fuskar haƙori kawai ake yi, ana cin ta kaɗan-kaɗan har haƙorin ya yi sirintar da ba zai iya ɗaukar aiki ba, siffar kuma tana nan yadda aka yi ta. Takardar mallakar ta ƙare bayan shekara 17, shi ya sa kamfanoni da yawa suke yin irinta har yau.

To, ka ga abin da mai washinka ya yi. Bayan haƙorin nan da ya ga ya yi duhu ya ce bari ya gyara, shi ne ma'ajiyar siffar. Lanƙwasar da haƙoran giya biyu suke birgima a kan juna da ita tana zaune ne a gefuna da saman wannan bayan. Da dutse ya taɓa wurin da hannu, lanƙwasar ta tafi. Katar za ta fito da kaifi, za ta ci ƙarfe kamar gaske, amma ramin da take yankawa ya tsuke a wani wuri ya baje a wani. Haƙoran giyar sai su daina birgima su koma dukan juna, wannan ne kukan da kake ji. Idan kuma dutsen ya cinye zagayen da ke ƙusurwar saman haƙorin katar ya mai da shi mai kaifi, gindin haƙorin giyar zai fito da ƙusurwa, nauyi ya taru a nan, tsagewa ta fara daga nan. Ka duba giyoyin da aka dawo maka da su, ina kyautata zaton daga gindi suka karye.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wannan kuskure ya zama ruwan dare. Mutum ya iya wasa bakin dirili da wuƙar injin lez, inda bayan baki ake ci, sai ya ɗauka kowane abin yanka haka yake. Ya kama kata mai tsada da filaya, ya manna ta a girainda, wuta na tashi, ya tsoma a gwangwanin ruwa, ya miƙo maka tana sheƙi ya karɓi kuɗi. Ɓarna uku ya yi a lokaci guda. Ya kashe siffa. Ya ci haƙoran ba daidai ba, don haka guda ɗaya ko biyu da suka fi tsawo su ne za su ɗauki dukan aikin, su dakushe nan da nan, sandar da ke riƙe da katar ta riƙa bugawa a kowane zagaye. Sannan ya ƙone bakin: idan ka ga launin ruwan ƙasa ko shuɗi a baki, zafi ya wuce kima, tsoma ƙarfen HSS (ƙarfen yanka mai jure zafi da gudu) mai zafi a ruwan sanyi kuma yana haifar da ƙananan tsagogi da ido ba ya gani, sai ana tsakiyar aiki bakin ya ɓantare. Ban ma yi maganar masu amfani da gefen faifan yanka na girainda ba, faifan da ba a yi shi don a danna shi ta gefe ba, wanda idan ya fashe fuska yake nufa. Wanda bai san aiki ba ya ce bai sani ba, ba abin kunya ba ne. Ɓata kayan sana'ar mutum sannan a ce masa jabu ya saya, wannan cin amana ne, kuma akwai hakki a ciki.

Yadda ake yi daidai: a ɗaura katar a kan sanda madaidaiciya tsakanin tsinin inji biyu. A yi amfani da farin dutse mai siffar faranti, mai lambar kaushi 46 zuwa 60, a gyara fuskarsa da lu'ulu'u. A saita fuskar dutsen ta zauna daidai kan layin tsakiyar katar, domin idan fuskar haƙori ta karkata gaba ko baya, zurfi da siffa za su canza ko da ba a taɓa bayan ba. Abin da yawancin mutane ke mantawa shi ne wajen ƙara ci: katar ake juyawa kaɗan zuwa ga dutsen, ba a matsar da dutsen daga layin tsakiya. Kowane zagaye a ci kamar milimita 0.02 zuwa 0.05, a bi duk haƙoran da kan rabo, wato na'urar da ke juya katar daidai-wa-daida daga haƙori zuwa haƙori, kafin a ƙara. Bayan an gama a ɗora agogon awo a saman haƙoran, bambancinsu kada ya wuce milimita 0.03 ko kusa da haka. Kuma kada a jira kata ta mutu kafin washi. Da ka ga layin gogewa mai ƙyalli a baki ya kai kamar milimita 0.3, lokaci ya yi.

Batun ko naka za su gyaru, ya danganta da nisan da dutsen ya yi. Ka shafa tawadar alƙalamin maka a bayan kowane haƙori, ka duba da gilashin ƙara girma, za ka ga iyakar zanen girainda da inda asalin gogewar kamfani ta fara. Idan ɓarnar milimita ɗaya ko biyu ce daga baki, a yi ta cin fuskar haƙorin har a wuce wurin, siffar asali za ta bayyana, katar ta dawo aiki. Idan ya bi bayan tun daga baki har ƙarshe, wannan ta tashi daga katar giya, sai dai ka ajiye ta don buɗe rami kafin katar gamawa ta bi. Wadda aka ceto, a gwada ta a kan alminiyam ko roba mai tauri, a yanka giya biyu a haɗa su a juya da hannu.

Kafin ka ɗora duk laifin a kan washi, ka tabbatar da lissafinka. A tsarin Brown & Sharpe kata lamba 1 tana yanka giya mai haƙora 135 zuwa sama, lamba 2 daga 55 zuwa 134, lamba 3 daga 35 zuwa 54, lamba 4 daga 26 zuwa 34, lamba 5 daga 21 zuwa 25, lamba 6 daga 17 zuwa 20, lamba 7 daga 14 zuwa 16, lamba 8 kuwa 12 da 13. Yawancin katocin modul (tsarin auna girman haƙori da milimita) da ake shigowa da su yanzu a juye suke, lamba 1 ita ce ta 12 da 13, don haka adadin haƙoran da aka rubuta a jikin katar za ka karanta. Zurfin yanka na DP 10 shi ne 2.157 a raba da 10, wato inci 0.2157, kusan milimita 5.48. Kuma DP 10 daidai yake da modul 2.54, saboda haka ba zai zauna lafiya da giyar modul 2.5 ba, balle idan taka mai kusurwar matsin haƙori digiri 14.5 ce, kamar yawancin tsofaffin katocin nan, abokiyarta kuma mai digiri 20. Ka auna giyar da za ta haɗu da taka kafin ka yanka ko haƙori ɗaya.

Gudu ma a rage shi. Kata mai faɗin milimita 65 a kan ƙarfe mai laushi, zagaye 80 zuwa 100 a minti ya isa, da man yanka yana zuba ba yankewa. Idan ba ka ga HS ko HSS a jikinta ba, ka ɗauka tsohon ƙarfen kabon ne, wanda taurinsa ke fara tafiya da zarar zafi ya haura digiri 200 a ma'aunin Celsius, sai ka raba wannan gudun biyu.