Shin Baftismar Ɗana Ta Ɓaci Saboda Ra'ayin Majami'armu?

TAMBAYA: Baba Rabaran, salama a gare ka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Lutheran daga Adamawa, shekara 6 ke nan ina zaune a Minneapolis da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Majami'ar da ta karɓe mu tun zuwanmu ta ELCA ce, wato Ikkilisiyar Lutheran ta Bishara a Amurka, kuma mutanen kirki ne, domin su suka samo mana gado da rigunan sanyi a hunturunmu na farko. Amma kusan dukansu masu sassaucin ra'ayi ne a siyasa. Addu'ar ranar Lahadi ba ta wuce baƙin haure da sauyin yanayi, bara kuma aka kafa tutar bakan gizo, alamar goyon bayan masu zaman jinsi ɗaya, a ƙofa. Ni kuwa ina nan a kan abin da aka koya mini, cewa aure na namiji da mace ne, zubar da ciki kuma zunubi ne. Wani mai wa'azi da nake saurara a YouTube ya ce duk wanda ya ci jibi a irin wannan majami'a ya sha ƙoƙon aljanu, kuma baftismar da aka yi a can ba baftisma ba ce, sai an sake. A can aka yi wa ƙaramin ɗana baftisma. Wata uku ke nan ban je teburin Ubangiji ba, barci ma ya gagare ni. Na jefa ɗana cikin hallaka ne? In bar su ne, ko zamana a cikinsu munafunci ne?

AMSA: 'Yata, salama a gare ki da maigida da yaran. Ki kwantar da hankalinki, ba ki jefa ɗanki cikin hallaka ba, kuma abin da ya hana ki barci wata uku tsohuwar ƙarya ce wadda ikkilisiya ta riga ta amsa tun kafin Bishara ta iso Numan da shekaru sama da 1,500.

Bari in fara sallamar maganar munafunci, domin ba ta da tsawo. A watan Agusta na 2009, a garin nan da kike zaune, babban taron ELCA ya amince da takardar koyarwarsa a kan zaman namiji da mace da ƙuri'a 676, masu ƙi kuma 338, wato daidai kashi biyu cikin uku da doka ta nema, ba rarar ko ɗaya. Takardar ta zayyana matsayi huɗu da 'yan ikkilisiyar suke riƙe da su bisa lamiri game da zaman jinsi ɗaya, na farko a cikinsu kuwa shi ne naki, ta kuma ce a girmama lamirin juna. Saboda haka a rubuce ba baƙuwa ba ce ke, ba ki kuma ɓoye wa kowa kome ba. Sai dai ki sani cewa taron 2022 ya yarda a sake duba wannan sashe, kuma abin da ke rubuce daban, yadda wata majami'a take bi da mutum daban. Manya ma sun rabu a kan wannan batu. Ikkilisiyar Mekane Yesus ta Habasha ta yanke hulɗa da ELCA a 2013, alhali Babban Bishop na ikkilisiyarku ta gida, Musa Panti Filibus, ya shugabanci Tarayyar Lutheran ta Duniya daga 2017 zuwa 2023, tarayyar da ELCA take ciki. In shugabanni masu tsoron Allah sun ɗauki hanyoyi biyu, ba daidai ba ne wani ya kira ki munafuka don kin zauna, ko mai girman kai don kin tashi.

Game da siyasa kuma, kada ki yarda a sayar miki da kaya a ɗaure, a ce dole ki ɗauki ƙunshin gaba ɗaya. Rabe-raben jam'iyyun Amurka nasu ne, ba a kansu aka yi miki baftisma ba. Addu'a domin baƙo ba ta jam'iyyar Demokrat ba ce, tana cikin Littafin Firistoci 19:34, ke kanki kuma baƙuwa ce wadda ta kwana a gadon da suka kawo. Abin da kika ji a majami'a da ya yi daidai da Maganar Allah ki ce masa amin da zuciya ɗaya, abin da ya saɓa kuma ki riƙe aminki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kusan kowane mako sai wani ya kawo mini shi ta wata siga: tunanin cewa kuskuren fasto ko zunubinsa yana shiga cikin ruwan baftisma ko cikin gurasa da ƙoƙo kamar yadda guba ke shiga rijiya. Wannan koyarwa tana da suna da tarihi, kuma a nahiyarmu aka haife ta. A shekara ta 303 Sarkin Roma Diyokletiyan ya ba da umarni a ƙwace littattafan Kirista a ƙone. Waɗansu shugabannin ikkilisiya sun gwammace kurkuku da mutuwa, waɗansu kuwa tsoro ya kama su suka miƙa littattafan. Da wahalar ta lafa, aka naɗa Sisiliyanus bishop na Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, sai wani ɓangare ya ce naɗin bai halatta ba, domin ana zargin ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗora masa hannu da miƙa littattafai. Daga nan suka ci gaba: in naɗinsa banza ne, to, limaman da ya naɗa banza ne, baftismar da suka yi ma banza ce, sai an sake yi wa kowa. Su ne aka sani da mabiyan Donatus. Ki lura, zargin da suka yi ba ƙarami ba ne, cin amanar Littafi Mai Tsarki ne a fili, kuma da yawa a cikinsu mutane ne masu himma waɗanda iyayensu suka sha azaba. Duk da haka taron Arles na shekara ta 314 ya ce wanda aka yi wa baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ba za a sake yi masa ba. Rikicin ya kai shekara ɗari yana ci, har aka tara bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu a Kartaj a shekara ta 411.

Wanda ya warware maganar sarai shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. Ya ce in Bitrus ya yi baftisma Kristi ne ya yi, in Bulus ya yi Kristi ne ya yi, in ma Yahuza ne ya yi, Kristi ne dai ya yi. Ya kuma ba da misalin da duk mai noman rani zai gane: magudanar dutse wadda ruwa ke bi ta cikinta zuwa lambu, ita kanta ba ta tsirar da kome, amma lambun yana samun ruwansa yana kuma ba da amfani. Ke 'yar Lutheran ce, don haka wannan ba baƙon zance ba ne a gidanku. Sashe na 8 na Shaidar Bangaskiya ta Augsburg, wadda aka gabatar a 1530, ya ce baftisma da jibi da Maganar Allah suna da ƙarfi saboda umarnin Kristi ko da mugayen mutane ne suka yi hidimarsu, ya kuma ambaci mabiyan Donatus da suna ya ƙi koyarwarsu. Anglika ma suna da irin wannan a sashe na 26 na ƙa'idodinsu 39. Luther da kansa, a babban katikisma, ya ce zinariya ba ta daina zama zinariya don karuwa ta rataya ta. Ashe mai wa'azin nan da yake gani shi ne mai tsaron tsohuwar koyarwa, shi ne ya ɗauko abin da tsohuwar koyarwar ta jefar.

Ki bi maganarsa zuwa ƙarshenta ki ga inda za ta kai ki. In baftisma tana rataye ne a kan tsarkin wanda ya zuba ruwan, wa ya san zuciyar faston da ya yi miki taki? Wa ya san ta wanda ya ɗora masa hannu? Mu da muka daɗe a wannan aiki mun san cewa a gida ma akwai masu riga da kwala waɗanda suka ci kuɗin baiko, da masu karɓar ambulan a hannun 'yan siyasa su sa musu albarka a bagade, da masu ajiye mace a wani gari. Ra'ayinsu a kan aure daidai yake a baki, amma in zunubin fasto yana ɓata baftisma, to, dubban mutanen da suka bi ta hannunsu suna ina? Na taɓa zama da wani dattijo wanda ya kwance ƙullin leda ya shimfiɗa mini katin baftisma uku a kan tebur, ɗaya ya yi ja don tsufa har tawadar ta dushe, biyu sababbi fil. Kowane sabon malami da ya bi sai ya ce masa ta baya ba ta yi ba. Abin da ya kawo shi wurina shi ne an kama malami na ukun da laifi, yana so in gaya masa ko ya nemi ta huɗu. Hannunsa na rawa yake tambayata. Na ɗauki tsohon katin nan na mayar masa, na ce wannan ya isa tun ranar da aka rubuta shi. Wannan koyarwa ba ta taɓa ba mutum salama, domin ta ɗauke idonsa daga alkawarin Kristi ta kafa shi a kan halin ɗan Adam, an gudu ba a tsira ba ke nan. Shi ya sa Afisawa 4:5 ta ce baftisma ɗaya ce, Bulus kuma a 1 Korantiyawa 1 har godiya ya yi da bai yi wa mutane da yawa baftisma ba, don kada wani ya ce cikin sunansa aka yi.

Ayar ƙoƙon aljanu kuwa, 1 Korantiyawa 10:21, ki karanta ta daga aya ta 14. Bulus yana magana ne a kan Kirista da ke zuwa cin abincin hadaya a ɗakin gumaka. Ba ya nufin jibin ikkilisiyar da ke da kurakurai, alhali ikkilisiyar Koranti kanta cike take da su: ga tsattsaguwa, ga mutumin da ke zama da matar ubansa, ga masu buguwa a wurin jibi, ga masu musun tashin matattu. Ya tsawata musu da zafi, amma bai ce teburinsu ya zama na aljanu ba. Abin da ya ce a 11:28 shi ne kowa ya gwada kansa. Kansa aka ce, ba faston ko maƙwabcinsa na benci ba.

Ina faɗin wannan da ɓacin rai, domin masu irin wannan wa'azi na intanet ba su san sunanki ba, ba za su zo asibiti in ɗanki ya kwanta ba, ba kuma wani bishop ko majalisar dattawa da za ta tuhume su in sun ɓatar da mutum. Tsoro ne jarinsu, kuma sau da yawa in kin saurara har ƙarshe za ki ji lambar asusun banki, ko sanarwar taron kuɓutarwa inda za a sake yi wa mutane baftisma a wurin ninƙaya na otal. Ki daina saurarensa.

Abu ɗaya ne kawai ya cancanci bincike a kan baftismar yaron, wato kalmomin da aka faɗa. Akwai majami'u masu sassauci da suke kauce wa sunan Uba da Ɗa, su ce Mahalicci da Mai Fansa da Mai Riƙewa, kuma a 2008 fadar Vatican ta ce irin wannan ba baftisma ba ce, ni ma a nan ra'ayina ke nan, saboda Matiyu 28:19. Tsarin sujadar ELCA na baftisma yana amfani da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kina tsaye a wurin ranar, wataƙila ma wani ya ɗauki bidiyo da waya. In da ruwa aka yi, da wannan suna kuma, magana ta ƙare.

Saura batun zama ko tashi, wanda ba tsoron ƙazantuwa ne zai yanke shi ba. Ki nemi ganin faston, ke da maigidanki, ki faɗa masa abin da kika gaskata a kan aure ba tare da kwana-kwana ba, sannan ki tambaye shi ko mai irin wannan ra'ayi zai iya koyarwa a makarantar Lahadi ko ya zauna a majalisar ikkilisiya, ki kuma roƙi a nuna miki littafin da ake koya wa yara da shi. Fuskarsa da amsarsa za su gaya miki fiye da abin da tutar ƙofa ta gaya miki. Ki kuma kasa kunne ga wa'azi na 'yan makonni: ana shelar Kristi wanda aka gicciye domin zunubi ya kuma tashi da jiki, ana kiran mutane ga tuba, ko kuwa sharhin labaran mako ne aka yafa masa aya? In Bishara tana nan kuma an bar miki lamirinki, za ki iya zama, ki koyar da 'ya'yanki a gida da bakinki. In an ce sai kin furta abin da ba ki yarda da shi ba, ko kin ga yaran suna shan abin da ba za ki iya warwarewa ba, to, akwai majami'un NALC, wato Ikkilisiyar Lutheran ta Arewacin Amurka, wadda aka kafa a 2010 bayan wancan taro na 2009, akwai kuma na Sinod ɗin Missouri, wata ikkilisiyar Lutheran dabam, a Minnesota, sai dai na Missouri ba sa ba baƙo jibi sai ya fara ganawa da fasto. In kin tashi, ki je ki yi sallama da mutanen da suka kawo miki gado, ki gode musu da sunayensu, ki kuma karɓi takardar baftismar ɗanki a ofis, domin duk majami'ar Lutheran da za ki koma za ta karɓe ta yadda take.